Ranar da Anka Wanke Saiwar Shinkafata

Ku matso kusa, ku ba ni aron kunnuwanku. Ga ta nan tafe gare ku, amma ba tatsuniya ba ce, don da tatsuniya ce da na ƙare ta da dariya kowa ya tashi. Wagga a kaina ta faru, a gonar mijina da ke gefen fadamar Zauro, kuma har yau in na tuna ta sai abinci ya fita raina. Ni ban san alƙalami ba. Faɗa nake yi ana rubutawa, na kuma ce kada a sassauta mini magana ko guda.

A Argungu anka haife ni. Ubana masunci ne, rabin shekara yana kan ruwa, don haka noman gidanmu a hannun uwata yake. Ɗan filin da muke da shi ba cikin fadama yake ba, a bakinta yake, inda laka ta ƙare yashi ya fara. Masu gonakin tsakiya ko sun yi sakaci suna samu. Mu kuwa sai mun lallaɓi ƙasa kamar mai jinya.

Wata safiya, ina yarinya ban kai ɗaukar tulu ba, uwata ta kira ni bakin gadon iri, wato ɗan wurin da ake fara yayyafa shinkafa ta tsiro kafin a cire ta a dasa a gona. Ta sa yatsu ƙarƙashin tsiro guda, ta ɗago shi da ƙasarsa, ta aza mini a tafin hannu ta ce in duba. Na ce na ga saiwa. Ta ce in ƙara dubawa. Sai na ga wani farin abu a jikin saiwar, ya fi gashin jariri laushi, kowane sili ya rungume ƙwayar yashi ya ƙi saki.

Ta ce, "Saiwar da kike gani babba, ƙafa ce, tsayuwa take yi. Wanga gashi shi ne baki. Da shi take sha, da shi take ci."

Ta ce a laka mai ƙarfi abinci ke zuwa ya iske shuka inda take, ko an tsinke mata gashi ba ta daɗewa take mayar da wani. Amma a ƙasa irin tamu abincin kaɗan ne, kuma a ɓoye yake tsakanin ƙwayar yashi da 'yar'uwarta, inda saiwa babba ba ta shiga. Sai gashin nan ne ke kutsawa ya laso shi. In ka raba tsiro da gashinsa ka dasa shi a nan, ka aje mayunwaci ne gaban ƙwarya ka ɗaure masa baki. Kafin ya yi wani bakin, ƙarfinsa ya ƙare. Sau ɗaya ta gaya mini. Ban sake bukatar a gaya mini ba.

Da anka kawo ni gidan miji, na iske gonarsa ita ma haka take, kamar Allah ya rubuta mini bakin fadama tun daga gidanmu. Rabinta yashi, sauran wata ƙasa mai tauri da in ta bushe sai fartanya ta yi ƙara a kanta. Mutane suna yi masa dariya. Ni da shi munka zauna mata. Shekara da shekaru yana kai takin dabbobi bisa jaki, ni ina tara tokar murhu da ɓuntun shinkafa ina kai mata a kai. In lokacin dashe ya yi, sai mu jiƙa gadon iri tun jajibiri har ya yi laushi, mu yanko tsiron da fartanya, fele-fele da ƙasarsa, mu jera cikin daro mu ɗauka. Nauyi kamar me. Wuyana har yau bai manta ba. Abin da maƙwabta ke dasawa a yini ɗaya, mu sai mu kwana huɗu muna yi. Amma gonar nan da ake wa dariya ita ta ciyar da 'ya'yana duka, ita ta yi musu sutura, ita ta kai babbansu makaranta har ya zama mai zama ofis.

To, babban nan shi ne maganar. Ɗan farina ne. Ku yaran yanzu ba ku san abin da wannan ke nufi ba. Tun da anka yaye shi kakarsa ta wajen uba ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma. Ban taɓa faɗin sunansa ba. Ban taɓa cin abinci yana kallona ba. In ya shigo gaishe ni, ina amsawa ne fuskata na wani gefe. In ina da magana da shi, sai in gaya ma wani ya kai masa. Haka uwata ta yi da nata ɗan fari, haka uwarta ta yi, kuma ana yaba mace da hakan, a ce tana da kunya. Sama da shekara hamsin na riƙe wannan, ban taɓa jin nauyinsa ba sai rana ɗaya.

Mijina ya rasu, Allah ya jiƙansa. Ba a raba gonar ba, na ci gaba da nomanta da ɗan ƙarfin da ya rage mini da 'yan ƙwadago biyu da sunka san hannuna. Sai ga wani mai buga bulo, mutumin kudu ne da ya daɗe a unguwar Nasarawa har Hausarsa ta fi ta wasu jikokina, ya ga yashin gonar ya yi masa. Ya nemi ɗan farina a gidansa na unguwar Gesse, cikin Birnin Kebbi. Ban ga laifin mai bulo ba, yashi yake nema, kuma da sallama ya zo. Laifin wanda ya buɗe masa ƙofa nake gani.

Anka tara gida. Ɗan farina ya ce gonar ta mutu, wahala kawai take ba ni, gara a sayar a raba kowa ya huta. Ƙannensa maza duk sunka sunkuyar da kai, don abin da ya ce shi ke nan. Ni ina bayan ƙofa, na aika autata ta ce ban yarda ba. Autar nan mace ce mai sanyin hali, tana aure a Argungu, ita ce bakina a wajen yayanta tun tana budurwa. Da magana ta yi tsawo, ƙanen ubansu ya yanke. Ya ce a yi noman rani guda. In gonar ta ba da abin da gonakin gefenta ke bayarwa, a bar ta. In ba ta bayar ba, a sayar, kada a sake jin bakin kowa. Na amsa da sauri, don na san gonata. Ɗan farina ya ce shi zai ɗauki nauyin aikin duka, injin ban ruwa da takin zamani da masu dashe, don kada gobe a ce an ƙi taimaka mata ne. Na ji daɗin hakan. Wallahi na ji daɗi, har na sa masa albarka a raina.

Gadon irin ni na yi shi da hannuna, can ƙasa kusa da ruwa inda laka ke da kyau, da ɗan nisa da gonar. Ya tsiro kore shar, gwanin kyau.

Ranar dashe Asabar ce, don ita ce ranar da ba ya zuwa ofis. Na ce a jiƙa gadon tun ranar Juma'a, ba a jiƙa ba, wai injin bai iso ba. Da hantsi ni da auta munka isa. Tun daga nesa na ji wata ƙara, fat, fat, fat. Da munka matso na ga abin da ke yi. Maza ne sun kai goma, baƙi, masu dashen gonakin tsakiyar fadama. Suna fizgo tsiron daga busasshen gado da ƙarfin tsiya, su tsoma shi cikin ruwa su girgiza, su buga shi a ƙwaurinsu har ƙasar ta zube tas, su ɗaure dami-dami su jefa cikin babur mai ƙafa uku. Saiwar ta fito fara fes kamar an wanke zare. Na ɗauki guda na duba. Ba gashi. Ko sili. Bakin saiwar ma duk ya tsintsinke.

Shi kuwa yana tsaye bisa tudu cikin farin yadi, waya a kunne. Tsakanina da shi bai fi taku ashirin ba.

Ku saurara, don nan ne wurin da ke ci mini rai. Ƙafata ta ɗaga za ta tafi wurinsa, sai ta koma. Ga maza baƙi cike da wuri, ga maƙwabtan gona suna kallo. A ce yau tsohuwa ta tsaya gaban ɗan farinta tana ɗaga murya? Sai na juya na ce ma auta ta je ta gaya ma yayanta a daina wankin nan yanzu, a daina bugun nan, suna kashe mini iri. Ta tafi. Ina kallonta ta durƙusa, ta yi magana ƙasa-ƙasa. Daga baya ne ta faɗa mini abin da ta ce. Wai, "Yaya, Inna ta ce don Allah a bi a hankali." Ita ma nauyinsa take ji. Ya ce ta gaya mini in samu inuwa in zauna, mutanen nan sana'arsu ke nan. Na sake aika ta, na ce ta ce masa gashin saiwa ne suke zubarwa, kuma gonarmu ba irin ta tsakiya ba ce. Ta je ta ce wai Inna na son a bar 'yar ƙasa a jikin saiwar. Ya ce in an bar ƙasa babur sawu nawa zai yi, shi kuma yau yake son a gama.

Na nufi babban masu dashen, tun da shi ba ɗana ba ne. Wani dogo mai fara'a. Na ce masa ya tsayar da yaransa. Ya yi dariya ya ce, "Kaka, ke da ke wanke shinkafa kafin ki dafa, mi ya sa ba ki son a wanke ta kafin a dasa? Ko ƙazanta ce ta tsufa ta kama ki?"

Na ce, "Kai da ganinka uwarka ba ta wanke ka ba tun ran suna, ga ka ka yi tsawo. Bar mini irina da dauɗarsa."

Yaransa sunka fashe da dariya, shi ma ya yi. Amma hannunsa bai tsaya ba. Ya ce haka suke yi ko'ina a fadamar nan kuma shinkafa na yi, sannan wanda ya ɗauko su shi ke ba su umurni, in Alhaji ya ce a bari za su bari. Gaskiya ya faɗa. A gonakin da ya saba, laka na yafe irin wannan. Bai san tawa ba. Wanda ya kamata ya sani yana bisa tudu, ya ci tuwon gonar nan shekara ashirin bai taɓa tambayar yadda ake yi ta haihu ba.

Abin bai tsaya nan ba. Da sunka kai damman gona, injin ya ƙi tashi. Anka zube su a fili, saiwa tsirara, rana na dukansu tun hantsi har bayan azahar ana kwance inji ana ɗaurawa. Abin da ruwa da ƙwauri sunka rage, rana ta ƙarasa.

Saura ɗan yanki a ƙarshen gadon da ba su kai gare shi ba. Na je na cire mayafina na shimfiɗa a kansa, na zauna a gefe. Na ce wanda zai taɓa wannan sai ya fara ɗaga ni. Sunka bar ni, ana cewa rigimar tsufa ce. Da yamma na jiƙa shi da ƙwarya. Kwana biyu ni da auta muna yankowa da fartanya muna ɗauka a daro, ina tafiya ina hutawa, ita tana kuka tana ba ni haƙuri. Wurin da sunka bar mini a gonar shi ne kusurwar da ta fi kowace muni, can sama jikin tudu, inda yashi ya fi yawa. Nan munka dasa.

Kwana goma ba su cika ba gona ta fara magana. Nawa ya miƙe kamar ba a taɓa ɗaga shi daga wurinsa ba, ya fara fitar da 'ya'ya ta gefe. Nasu ya tsaya cik. Ganyen ya yi rawaya, bakinsa ya yi ja-ja, wasu sunka kwanta cikin ruwa sunka ruɓe. Ɗan farina ya aiko da takin zamani anka watsa. Bai ga canji ba, ya ƙara aikowa. Ina tsaye ina kallon farin takin nan yana narkewa, ruwa na janye shi ƙasa ta cikin yashi, shuka na tsaye a kansa ba bakin da za ta kama shi. Wadda ta rayu ta yi sabuwar saiwa daga baya, amma lokaci ya riga ya wuce ta. Shinkafa in ta rasa kwanakinta na farko ba ta sake kamo su.

Sai ya ɗauko malamin gona daga Birnin Kebbi, wai ya zo ya duba cutar da ta kama ƙasar. Yaro ne mai ladabi, ya gaishe ni har ƙasa. Ya zaga, ya tono guda daga nasu, ya tono guda daga nawa, ya fito da wani ɗan gilashi mai ƙara girman abu. Ya daɗe yana dubawa. Ya kira ɗan farina ya miƙa masa gilashin. Ya ce ƙasar ba ta da cuta, rauni gare ta, kuma a ƙasa mai rauni shuka na dogara ne da 'yan siraran gashin da ke jikin saiwa, su ke ƙara mata hannuwa ta kai ga abincin da ba ya tafiya cikin ƙasa da kansa. Ya ce duk wanda ya dasa kusurwar can ya san abin da yake yi.

Ɗan farina ya duƙa, farin yadinsa na shan laka, ya sa ido a gilashi. Ya ɗago ya ce, "Ashe."

Ashe. Abin da uwata ta aza mini a tafin hannu ba gilashi, abin da na ɗauka a kaina har wuyana ya ƙage, sai da baƙo ya zo da mota sannan ya zama magana. Na koma gida ban ci abinci ba ranar.

Anka yi yanka, anka yi bugu. Kusurwata ta ba da abin da ko a tsakiyar fadama ba za a raina ba. Sauran gonar rabi ƙaiƙayi ne. In an haɗa duka, ba ta kai ko kusa da na maƙwabta ba, kuma a kan gonar duka anka yi alkawari, ba a kan kusurwa ba.

Anka sake tara gida. Ƙanen ubansu ya ce kowa ya ga abin da ya faru, kuma magana an riga an yanke ta. Ɗan farina ya ce ya yarda an yi kuskure wajen dashe, amma ko ba kuskure, wa zai riƙa ɗaukar daro a kai bayan ni? Shi ba zai bar ofis ba, ƙannensa ba mai so, masu dashe kuma ba za su kwana huɗu a kan aikin yini ɗaya ba. Kuma ya riga ya ba mai bulo baki.

Auta ta waiwayo ƙofa tana jiran abin da zan aiko ta da shi. Na ce ta zauna. Na fito tsakar gida, na tsaya gabansa, na kira sunansa. Sunan da anka raɗa masa a kunne ina ɗaki, ban taɓa sa shi a bakina ba sai ranar. Ƙanen ubansu ya sunkuyar da kai. Na ce masa gonar ba mutuwa ta yi ba, shi ya yanke mata baki ya tsaya yana cewa ba ta ci. Na ce a kan Asabar ɗaya tasa ya zubar da shekarun ubansa. Na faɗi abubuwa da yawa, wasu ba zan maimaita ba.

Bai katse ni ba. Da na gama ya ɗago, idonsa ya yi ja, ya ce, "Inna, ina tsaye nan kusa da ke ranar. Mi ya hana ki gaya mini da bakinki? Da kin ce mini bari, da na bari."

Na so in ce ƙarya yake yi. Na duba fuskarsa, karo na farko da na dube ta sosai tun yana goye, na ga ba ƙarya yake ba. Wannan ya fi komai ƙona ni, kuma har yau bai huce ba. Ina fushi da shi da bai tambaya ba. Ina fushi da auta da ta tace maganata har ta zama ruwa. Amma taku ashirin ɗin nan ni ce ban yi su ba, don kada mutanen da ko sunansu ban sani ba su ce tsohuwa ba ta da kunya.

Na ce to, a sayar. Amma ni matar mamaci ce, ina da tumunin takaba a cikin gonar nan, kashi ɗaya cikin takwas, kuma ba a hannu nake son nawa ba, a ƙasa nake so. A yanka mini kusurwar jikin tudu. Ya ce nan ne yashin da mai bulo ya fi so. Na ce na sani. Anka kira malamin da ke rabon gado a unguwarmu, ya ce haƙƙina ne in magada sun yarda, ya dubi ɗan farina. Ɗan farina ya ce ya yarda. Anka ja igiya, anka kafa turaku.

Mai bulo ya karɓi sauran. Tifofi sunka yi ta shiga suna fita, inda mijina ya zuba takin jaki yanzu rami ne da ruwa ke kwanciya, yara na kama tarwaɗa a ciki da damina. Mutumin ya sa an jera mini duwatsu a gefen kusurwata don kada ta zabtare, ban roƙe shi ba. Duk da haka tana zabtarewa kaɗan-kaɗan. Dogon nan babban masu dashe yana nan yana sana'arsa a tsakiyar fadama, in ya hango ni sai ya ɗaga dami ya ce ko in zo in duba masa gashi. Malamin gona an mayar da shi wani gari, na ji wai yana ba da labarin kusurwata in ya tara manoma. Ƙanen ubansu ya rasu bara. Auta tana Argungu, kuma ta daina kai saƙon kowa, ta ce in mai magana na da baki ya je da kansa.

Ɗan farina yana Gesse. Yanzu in ya zo gaishe ni ina dubansa, ina kiran sunansa, matan unguwa na cewa na lalace da tsufa. Da dashen bana ya zo ranar Asabar, ya tuɓe farin yadi ya ɗauki daro. Sawu uku ya yi ya zauna yana haki, ya ce wuyansa. Ban ce masa sannu ba. Na nuna masa inda ya zubar mini da ƙasa a hanya, na ce ya koma ya kwaso.